Tambaya da Amsa: Me ya kawo kitse cikin allurar korona?

TAMBAYA: Salamu alaikum likita. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon jinya, na ga an rubuta wai akwai kitse cikin allurar korona ta Pfizer da Moderna, to kitsen mene ne kuma, me yake yi a ciki? Mamana ta ce ita fa sai ta san ko na alade ne. Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Ki fara kwantar wa Mama da hankali, tun 2020 kamfanonin biyu suka fito suka ce babu komai na alade a ciki.

Ainihin maganin wani saƙo ne da ake kira mRNA, mai gaya wa ƙwayoyin halittar jiki abin da za su haɗa, shi kuma ba shi da ƙwari ko kaɗan, in aka zuba shi tsirara a jiki nan da nan sinadaran jini za su yayyaga shi, ko ya tsira ma ba zai iya ratsa bangon ƙwayar halitta ba don bangon nan shi kansa kitse ne. Shi ya sa ake ƙunshe shi cikin 'yan dunƙulen kitse, kamar ɗigon man gyaɗa a saman miya amma ƙanana sosai, kusan nanomita 100, sai kin jera dubu kafin ki samu kaurin gashi ɗaya.

Kitsen kala huɗu ne har da kolestarol, amma ɗaya ne ke burge ni wallahi. A cikin jini lafiya lau yake tafiya, da ƙwayar halitta ta haɗiye shi cikin wata 'yar jaka mai tsami sai tsamin ya sa masa cajin lantarki, ya fasa jakar, saƙon ya fito ya kama aiki. Masanin kimiyya Pieter Cullis da abokan aikinsa a Vancouver ta Kanada sun kwashe shekaru suna fama da wannan, kuma tun 2018 Amurka ta amince da wani magani mai suna Onpattro mai irin wannan ƙunshi, kin ga ba korona ce ta fara ba.

Abin da ke damuna shi ne in aka ba da irin wannan ƙunshi ta jijiya don maganin wata cuta yawanci hanta yake zarcewa. Mu kuma da sikila ta addabi gidajenmu ɓargo muke so ya kai maganinta, don a can ake yin jini, kuma har yanzu masu bincike na kan neman yadda za su juya akalarsa can.