Tambayi Likita: Ragar jijiyar ƙwaƙwalwa bayan an dawo gida

Likita, an sa wa mahaifina raga a jijiyar ƙwaƙwalwa a Masar saboda kumburin jijiyar jini. Bayan wata 6 hoto ya nuna kumburin bai rufe duka ba. Aikin ya ɓaci ne? Aminu, Birnin Kebbi

Malam Aminu, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ka kwantar da hankalinka, wannan raga ba ta aiki dare ɗaya. Ana zura ta ta jijiyar cinya ko ta hannu, a shimfiɗa ta a bakin kumburin, sai jini ya riƙa wucewa ba tare da ya kutsa ciki da ƙarfi ba. Jinin da ya rage a cikin kumburin ya daskare, sannan fatar cikin jijiya ta tsiro ta lulluɓe ragar. A wani bincike mai suna PUFS kan irin ragar da ake kira Pipeline, wadda Amurka ta amince da ita a 2011, kusan kashi 87 cikin 100 na kumburin sun rufe bayan shekara ɗaya, kashi 95 bayan shekara 5. Wanda ya rufe kuma da wuya ya sake buɗewa. Kada dai Baba ya tsallake hoto na gaba.

Maigidana da aka sa wa ragar ya ji sauƙi, yana so ya bar aspirin da clopidogrel, har ya kira wanzami ya yi masa ƙaho. Maman Sadiya, Gusau

Hajiya, don Allah ki hana shi. Wannan ne abin da ya fi tayar mini da hankali. Ragar ƙarfe ce, kuma kafin jijiya ta rufe ta, jini na iya daskarewa a kanta ya toshe hanya, mutum ya wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Magungunan biyu su ne ke hana jini daskarewa. Galibi ana haɗa su wata 3 zuwa 6, aspirin kuma ya ci gaba, amma likitan da ya yi aikin ne kaɗai zai yanke ranar dainawa. Ƙaho kuwa a dakata, domin jinin ba zai tsaya da wuri ba. Haka diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis. Ko haƙori za a cire masa, a fara faɗa wa likita. A riƙa auna hawan jini, sigari kuma a bar ta kwata-kwata.

Dole sai mun koma Indiya duba lafiya? Kuma za a iya yi mini hoton MRI? Bala, Yauri

Yawancin ragar ba ta hana MRI, amma ka nuna katin da aka ba ka. Ka ɗauki rahoton aikin da faifan hotuna zuwa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, su tsara maka. Ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, karkacewar baki ko sarƙewar harshe kuwa, asibiti mafi kusa nan take.