Malam, wai malaman falsafa sun ce duk addinai ɗaya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne a jami'a, lakcaranmu ya ce wai Farabi da Ibnu Rushdi sun nuna kowane addini hanya ce zuwa gaskiya, dan Allah ya halatta in karanta littattafansu ko in yi nesa da su?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Lakcaran naka ya haɗa magana biyu a tukunya ɗaya. Karɓar gaskiya daga bakin wanda ba musulmi ba daban, cewa duk addinai daidai suke kuma daban.

Ta farko ba matsala. A Bukhari, Shaiɗan ne da kansa ya gaya wa Abu Huraira falalar Ayatul Kursiyyu, Annabi (SAW) ya ce ya gaya maka gaskiya amma fa maƙaryaci ne. Alkindi, malamin falsafa na Bagadaza, ma cewa ya yi kar mu ji kunyar karɓar gaskiya ko daga al'ummai na nesa ta zo. Shi kuwa Ibnu Rushdi, kar ka manta alƙalin Malikiyya ne a Ƙurɗuba, mai Bidayatul Mujtahid ɗin nan da muke karantawa a zaure, a littafinsa Faslul Maƙal misali ya buga da wuƙar yanka, wa yake tambayar addinin mai wuƙar in dai ta cika sharaɗin yanka? Wannan ai bai nuna addinai ɗaya ne ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, misalinsa ya fi burge ni, ya ce mai hankali ba ya ƙyamar zuma don ya ganta a ƙahon wanzami, ƙaho ba ya canza zuma. Amma dan Allah a daina kafa hujja da hadisin nan na hikima ɓataccen kayan mumini ce, isnadinsa mai rauni ne.

Ta biyun ce ba mu yarda ba. Farabi kam ya yi maganar cewa addinai misalai ne da ake kusanto wa jama'a gaskiya da su, kowace al'umma da nata, to wannan mun mayar masa da abinsa, Allah ya ce addini a wurinsa shi ne Musulunci, Ali Imrana aya ta 19. Gazalin da ya yabi zumar shi ne kuma ya bi malaman falsafa irin su Farabi a mas'ala 20 a littafinsa Tahafut, ya kafirta maganarsu a uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san abubuwa ɗaiɗai ba, da musun tashin jiki ranar ƙiyama.

Saboda haka karatun ya halatta ga wanda aƙidarsa ta zauna kuma yana da malamin da zai koma wa. In kai tauhidinka bai wuce na allo ba, karanta iya abin da jarrabawa ta tilasta maka, duk shubuhar da ta tsaya maka a rai ka rubuta ta ka kawo kafin ta kwana. Wallahu a'alamu.