Amsa: Shin yashin gaɓar teku matacce ne?

Malam, ka tambaya ko tsabtar yashin gaɓar teku tana nuna cewa ba a yin wani aiki a cikinsa, idan aka kwatanta shi da laka mai duhu da wari. Gaskiya ba haka abin yake ba. Ba a ganin ruɓaɓɓun abubuwa da yawa a yashi ne domin ƙwayoyin bakteriya suna cinye su kafin su taru.

Dalilin kuwa shi ne ruwa yana ratsa yashi. Tun a 1856 Henry Darcy, wani injiniya ɗan Faransa, ya bayyana cewa gudun ruwa a cikin yashi ya danganta da bambancin matsi da kuma sauƙin ratsuwar yashin. A ƙasan teku, ƙananan tudduna da igiyar ruwa ke shatawa su ne suke haifar da wannan bambanci: ruwa mai iskar oksijin yana kutsawa ta gangarensu ɗauke da ƙananan tsirran ruwa, ya zagaya a ƙasa, sannan ya fito ta ƙololuwa bayan oksijin ɗinsa ya ƙare. Sau da yawa yakan fito da narkakken ƙarfe, wanda da zarar ya haɗu da oksijin sai ya bar siririn layi mai launin tsatsa a kan tudun.

Shi ya sa oksijin ke shiga santimita da dama a yashi, alhali a laka ba ya wuce 'yan milimitoci, kuma oksijin ɗin nan ne ke taimaka wa bakteriya su cinye ruɓaɓɓun abubuwa da sauri. Masu bincike na Cibiyar Max Planck da ke Bremen a Jamus sun nazarci wannan a Tekun Wadden da ke gaɓar arewacin Turai, inda bakteriyar yashi ke mayar da naitiret, wanda koguna ke kwasowa daga takin gonaki, zuwa iskar naitirojin.