Rajistar Abuja ba ta kare tambarinka a Sin

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya rubuto cewa shekara biyu ke nan wata masana'anta a Guangzhou take yi masa takalma da jakunkuna ɗauke da sunansa da tambarinsa, kuma ya yi wa tambarin rajista a Abuja. Yanzu yana son komawa wata masana'antar mai sauƙin farashi, sai wakilinsa ya gargaɗe shi cewa ta farkon tana iya hana kayansa fita daga Sin. Yana tambaya ko hakan mai yiwuwa ne.

Alhaji, wakilinka bai tsorata ka a banza ba. Rajistar alamar kasuwanci iyakarta ƙasar da ta bayar da ita. Takardarka ta Abuja tana aiki a Ƙofar Wambai, amma a gaban jami'in kwastan na Sin ba ta da ƙarfi. Dokarsu kuma, galibi, wanda ya riga shigar da takarda take bai wa suna, ba wanda ya riga amfani da shi ba. Idan masana'antar ta yi wa tambarinka rajista da sunanta ta kai wa kwastan, za a iya tsare kwantenarka a matsayin jabu, alhali kai ka biya kuɗin kayan. Da can ana kafa hujja da cewa kayan na fitarwa ne kawai, ba a Sin za a sayar ba. Hukuncin kotun ƙolin ƙasar na 2019 a shari'ar Honda, kan kayan babura da aka haɗa don kai wa Myanmar, ya raunana wannan hujjar. Ko Apple sai da ya biya dala miliyan 60 a 2012 kafin sunan iPad ya zama nasa a can.

Don haka kada ka nuna wa masana'antar cewa za ka bar ta tukuna. Fara sa lauya ya bincika kundin CNIPA, hukumar da ke wannan rajistar: sunan da haruffan boko, tambarin kansa, da duk sunan Sinanci da ma'aikata ke kiran kayanka da shi.

Idan ba wanda ya riga ka, shigar a wannan makon. Baƙon da ba shi da mazauni a Sin sai ta hannun wakili mai lasisi, kuma Najeriya ba ta cikin tsarin Madrid, wanda ke ba da damar neman rajista a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya, don haka kai tsaye za a shigar. Kuɗin hukuma yuan 270 ne kan kowane rukuni ta intanet, har kaya goma, ladan lauya daban. Nan ne aka fi yin kuskure. Takalma suna rukuni na 25, jakunkuna na 18, rajista biyu ke nan. Sin kuma ta sake rarraba kowane rukuni gida-gida: a cikin 25, takalmi yana 2507, hula 2508, safa 2509. Wanda ya rufe takalmi kaɗai yana iya wayar gari wani ya sa sunansa a safa. Sannan ka duba da idonka cewa sunan mai nema naka ne ko na kamfaninka, yadda yake a takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya. Kada ka yarda masana'anta ko mai yi maka sayayya ya ce zai yi da sunansa don ya rage maka wahala. Rajistar tana aiki shekara 10.

Idan an riga ka, da sauran hanya. In har takardarsu tana cikin wata uku na sanarwar da ake yi kafin a ba da rajista, ka shigar da ƙorafi. In rajistar ta fito, sashe na 15 na dokar alamar kasuwanci ta Sin ya hana wakili ko abokin hulɗa yi wa alamar wanda ya sani rajista, kuma kana da shekara 5 ka nemi a soke. Hujja ce ke cin wannan shari'ar: rasit, takardun oda, hirarku ta WeChat da hoton tambarin da ka tura, duk masu kwanan wata kafin ranar da suka shigar. Ka tattara su tun yau. Alamar da aka yi shekara 3 a jere ba a yi amfani da ita ba ma ana iya neman soke ta. Amma ka yi lissafi, wani lokaci sayen sunan ta hannun lauya ya fi shari'a araha.

Da sabuwar masana'antar kuwa, kafin ka tura ko hoto ɗaya, ku sa hannu a yarjejeniya da Sinanci, ƙarƙashin dokar Sin, mai jan hatimin kamfanin, sunan ya dace da lasisinsu da lambar rajistar kamfaninsu mai harafi 18. Ta hana su fallasa zanenka, yin amfani da shi don kansu, da zagaye ka su sayar wa kwastomominka. A rubuta adadin tara ƙarara, a faɗi wa ya mallaki mazubin takalmin, da yadda za a yi da rarar kaya da waɗanda ka ƙi karɓa, domin ta nan kayanka ke bayyana a shagon maƙwabcinka da rabin farashi.

Idan kana kai kaya Maraɗi ko Injamena, wannan ma wata rajistar ce: ta OAPI, hukumar rajista ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka da ke Yawunde, wadda guda ɗaya ke rufe ƙasashe 17, har da Nijar, Chadi da Kamaru. Ta Abujar kuma ka duba ranarta, sabuntawar farko bayan shekara 7 ce.