Amsoshin wasiƙunku: kafin ki kwashi adashi ki sayo robobi

Tambaya: Anti, yarana uku, ɗaki da falo muke, kullum gidan kaca-kaca, na gaji har kuka nake da dare. Kwasata ta adashi ta kusa, ina so in sayi durowar robar nan da kwandunan da ake tallatawa a WhatsApp. In saya?

Sannu ƙanwata, share hawayenki, ke ba ƙazama ba ce, yara uku a ɗaki da falo ko wace ce sai ta jigata. Amma kar ki saya tukuna. Kaya ne suka fi ƙarfin ɗakin naki. Leƙa ƙarƙashin gado ki gani, kulolin jere da tun ranar tarewa ba a buɗe ba, ankon bikin da ya daɗe da matse ki, kayan jarirai da autanki ya wuce, duk an cusa a Ghana must go. Ki ware rana ɗaya ki kai yaran gidan kakarsu, ki kira 'yar uwa ɗaya mai rufin asiri ku fito da komai tsakar gida. Abin da damina biyu ta wuce ba ki taɓa ba, ki bayar sadaka ko ki ba dillaliya ta sayar miki.

Wallahi wannan ciwon sayayya ta waya yana damuna, mace ta yi wata goma tana zubi da ƙyar, tana ganin hoto mai ƙyalli ta tura kuɗi har da na kawowa, abin da ba ta taɓa da hannunta ba, ya zo ƙarami, sakayau, wani ma tsohuwar roba ce aka narkar aka sake zubawa, zafin bazara ɗaya ta bushe ta tsage, ki jera atamfa biyar durowa ta lanƙwashe ta ƙi rufuwa. Mai kayan kuwa ta daina ɗaga waya. Ga masu karɓa bashi a biya kaɗan-kaɗan, roba ta mutu ana kan biya! In bayan kin rage kayan har yanzu kina buƙata, ki auna wurin da igiya, ki taka da ƙafarki kasuwar Ƙofar Wambai ko ta Sabon Gari, ki danna da yatsa, in ta yi fari inda kika danna ko tana wari, ajiye musu abinsu. Wadirof ɗin MDF, wato allon garin katako da aka matse, ma a kula, ruwan mofa yana taɓa ƙafarsa zai kumbura kamar burodi a shayi.

Tambaya: Maƙwabta sun dame ni da aron bilenda da dutsen guga, in sayi na biyu don aro?

A'a. Na biyun ma zai ƙone ki sayi na uku. Ki ce maigida ya hana fita da kayan wuta, amma ki faɗa masa tukuna ya hana ɗin da gaske, kar ki yi ƙarya. Mai markaɗe kaɗan ta zo ta yi a gabanki. Za a yi fushi na sati ɗaya, ki ci gaba da gaisuwa.

Tambaya: Wace kalar kwando ce za ta shiga da labulena?

Haba baiwar Allah. Wanda ba zai fashe ba.

Tambaya: Ina aiki, wanki ya yi min yawa. Injin wanki ko 'yar aiki?

Awa nawa ake ba ku wuta, kuma ruwan famfo ne ko na 'yan garuwa? In babu su biyun inji zai zama teburin ajiye kaya. Ki samu mai wanki da guga sau ɗaya a sati, ku yi tsada tun farko, maigida ya biya don shi ma kayansa na ciki. 'Yar aiki kuma babbar mace mai je-ka-ka-dawo, ki biya ta ƙarshen wata ba ja-in-ja. Yarinya 'yar shekara 10 daga ƙauye kam kar ki fara, makaranta ya kamata tana zuwa, kuma raino za ki ƙara wa kanki.