Hukuncin Zaman "Farkar da Ruhi" da Buɗe Cibiyoyin Jiki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na shiga wani aji a intanet na "farkar da ruhi". Mukan yi shiru mu lura da numfashi, muna maimaita wata kalma da ban san ma'anarta ba. Mai koyarwar ya ce ita ke buɗe cibiyoyi bakwai na jiki. Na samu natsuwa, na fara gane halina, amma barcina ya ragu, kuma nakan ga haske. An ce in musanya kalmar da sunan Allah, shi ke nan ya halatta. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, abin da ya kai ki can abu ne mai kyau. Binciken kai shi ne muhasaba, kuma saboda ita aka yi wa Harisul Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 243 bayan hijira, wannan laƙabi. Yin shiru da jan numfashi a hankali don rage damuwa kuwa halal ne.

Inda hukunci ya canza shi ne cibiyoyin nan da kalmar. Cibiyoyin su ake kira cakra, ƙarfin da ake son tayarwa ta cikinsu kuma kundalini, tushensu addinin Hindu na Indiya. A aƙidarsu kundalini ƙarfin abar bautarsu Shakti ne, yana naɗe a gindin ƙashin baya, a tayar da shi ya haɗu da abin bautarsu Shiba a tsakiyar ka. Wannan ibada ce ta wani addini, haramun ce gare ki, ƙudurce ta kuma shirka ne. Abin da ya wuce cikin rashin sani, ki yi istigfari, kada ki ɗora wa kanki waswasi.

Maganar musanya kalma na san akwai masu faɗinta da kyakkyawar niyya, suna cewa dabara ce kawai, ta kowa ce. Ban yarda ba. Niyya tana mayar da halal ibada, amma ba ta wanke abin da aka gina kan aƙidar wasu. A hanyar Hunaini wasu sababbin shiga Musulunci sun roƙi Annabi (SAW) ya sanya musu itaciyar rataye makamai don neman albarka, irin ta mushirikai. Ba sharri suka nufa ba, duk da haka ya kwatanta roƙonsu da na Bani Isra'ila da suka ce wa Annabi Musa ya sanya musu abin bauta. Sannan ki duba me ake nema a zaman: in kin sa sunan Allah, kin mayar da shi makullin buɗe cibiya, alhali zikiri ƙanƙan da kai ne ga wanda ake ambato. Masu kafa hujja da halwar sufaye su tuna cewa Imam Junaidu, babban malamin sufaye, ya ɗaure ilimin tarbiyya da Alƙur'ani da Sunna.

Hasken nan kada ya ruɗe ki. An ruwaito cewa Shehu Abdulƙadir Jilani ya ga haske ya cika sararin sama, murya ta ce an halatta masa haram, ya kore ta don ya gane Shaiɗan ne. Ci gaban ruhi a hali ake ganinsa: fushi ya ragu, salla ta yi daɗi, harshe ya kame.

Raguwar barcin ta fi damuna. Idan ya ci gaba bayan kin daina, ko kika fara jin muryoyi, ki ga likita, kada ki tsaya cewa aljanu ne. Ki fita daga ajin ba tare da jayayya ba, ki riƙe azkar na safe da yamma, ki nemi malama mai tsoron Allah da za ki riƙa gaya wa abin da ke ranki.

Wallahu a'alam.