Amsa ga mai tambaya kan takalmin da ke ɓarewa

Malam wallahi ina ganin tambayarka sai da raina ya sosu, wai sau-cikin da ka saya ko wata biyu bai yi ba ya fara ɓarewa, kana neman yadda ake gane fatar gaske. Ba fata suka sayar maka ba, roba ce aka shafa a kan yadi. Ni ma haka wani mai shago ya yi min a kasuwar Sabon Gari, dattijo da furfurarsa yana ta rantsuwa wai takalmin ɗan Italiya ne, in ya lalace in dawo in karɓi kuɗina. Ranar ɗaurin auren abokina a cikin birni na cire shi a ƙofar masallaci, muna fitowa na tarar saman duk ya tattashi kamar ɓawon albasa, haka na sa shi ina jan babbar riga ina ɓoye ƙafa, ga mutane ana ta gaisawa. Da na koma wajensa mutumin nan ko kunya babu ya ce ni na bar shi a rana! Har yau in na bi ta layin sai na ce Allah ya isa.

Ka riƙa shinshinawa, fata tana da ƙamshinta, roba kuwa warin gam take. Danna da yatsa, ta gaske za ta yi ƙananan tamoji ta koma daidai. Sannan juya ƙasan ka gani ɗinki ne ko liƙi, mai ɗinki ko ya cinye baduku zai canza maka.

Abin haushi ga cibiyar koyar da aikin fata nan a Samarun Zariya, NILEST, fatarmu kuma ita ake kwasa zuwa Italiya da Sifen, mu a bar mu da leda.

In aljihu bai kai ba gara gwanjo mai kyau. Kuma don Allah kar ka bari masu shushaina su lafta maka folish ɗin ruwan nan, a hunturu fasa fata yake. Kiwi na gwangwani da buroshi ya isa, ni har man kaɗe nake ɗan shafawa, amma yana ƙara wa jan takalmi duhu. In ruwan damina ya dake shi cusa masa jarida ka ajiye a inuwa, kuma kar ka maimaita shi kwana biyu a jere, zufa na kashe shi daga ciki.